Harbin da Abah Ya Bari

Me zai sa mutumin da kofin shayi ke gagara a hannunsa ya sauko daga gadon jinya, ya cika bindiga da iska, sannan ya ƙi harbawa? Na juya tambayar nan ta ko'ina, ban samu bakinta ba.

Ƙarar famfon iska na ji ta bayan katanga da hantsi, na leƙa. Maƙwabcina Abah Sukarya ne a maƙerarsa, zani ɗaure a ƙugu, ya kifa ƙirji kan famfo yana dannawa yana haki.

"Abah, so kake ka riga likita yanke hukunci?"

"Kai mai karatun tsofaffin jaridu, zo ka riƙe min ƙasan nan, ka bar wa'azi."

A garinmu Cipacing kowane lungu ana ƙera bindigar iska, amma Abah kaɗai ke kwaikwayon irin ta Turawan dā, mai faɗin baki har ɗan yatsa na shiga. Gindinta tulun ƙarfe ne, a nan iskar ke zama, a nan kuma mai harbi ke ɗora kunci. Idan liƙin tulun ya ci amana, fuska ce ke biya. Shi ya sa Abah ya kafa doka: bindiga ba ta barin gidansa sai wanda ya ƙera ta ya yi harbin farko da kuncinsa.

Duk lungun mun san tun da hannunsa ya soma rawa 'yarsa Entin ke liƙin. Ita ke liƙawa, shi ke harbawa. Ya sha miƙa mata bindiga ta harba, tana cewa ita dai a bar ta da wutarta.

Da tulun ya cika ya shafa shi, ya rataye bindigar, ya ce in raka shi ɗaki. Na tambaye shi gwajin fa. Ya ce kofi yake so, mai sukari da yawa. Washegari kafin la'asar muka kai shi makwanci.

Bayan addu'ar bakwai wanda ya sa a ƙera masa bindigar ya iso daga Surabaya, wani Pak Hartoyo, mutum mai fara'a. Ya yi ta'aziyya, ya ce ba sai an gwada ba, aikin Abah ai ba ya buƙatar shaida. Entin ta shiga neman buhun da za ta naɗe ta.

Na bi ta zuwa maƙera na ce ko ni in harba.

"Kang," ta ce, yadda ake kiran wa a wajenmu, "kai ka liƙa?"

"A'a."

"To me kuncinka zai shaida?"

Ta ce tulun nan a makon da jikin Abah ya tsananta ta liƙe shi, ido na kan wuta, kunne na ɗaki. Ba ta san abin da hannunta ya yi ba. Ƙarfi ne ya ƙare wa tsohon, ko da gangan ya rataye ta?

Pak Hartoyo ya biyo mu, ya miƙo hannu zai karɓi bindigar. Entin ta ce ya ɗan ja baya, ni ma haka. Ta zare buhun, ta fita bayan gida inda kututturen ayaba da ake gwaji a kansa ke tsaye a bakin gonar shinkafa. Ta gyara ɗankwalinta, ta tura shi bayan kunne, ta kwantar da kuncinta kan ƙarfen.