Kan Gwankin Baba Kumai

"Juyo mini bayan kunnen," in ji Baba Kumai.

Mista Rufus ya juya kan gadar da ya ɗauko tun daga Jos don nuna aikinsa, ya miƙa yana murmushi. Baba ya ɗora shi a cinya, ya kama gashin bayan kunne da yatsu biyu, ya ɗan ja. Gashin ya tuge ya biyo hannunsa. Ya kai hanci ya sunsuna, sai tari ya sarƙe shi har 'yarsa Bernice ta riƙe masa kafaɗa.

"Da me ka cika cikin nan?"

"Auduga, Baba, da magani na musamman. Aikin Turawa ne sak. Ka ba ni sati biyu, naka zai dawo kamar zai yi numfashi."

Baba ya matse wuyan gadar, muka ji ƙwaras-ƙwaras.

"Jarida ce," ya ce. "Ɗauki abinka, ɗana. Ka gaida Jos."

Ina tsaye a bakin ƙofa, alli bai ma bar hannuna ba, kunya kamar in nutse. Ni ce Emilia, malamar firamare, katangarmu ɗaya da Baba Kumai a layin bayan tashar jirgi shekara goma sha ɗaya. Ni na ji labarin Mista Rufus a bakin wani malami, ni na rubuta wasiƙar da ta kawo shi, ni kuma na dafa masa shinkafa. Ya cinye tas, ya kama jirgin yamma.

Abin da ya jawo wannan duka, gwanki ne. Baba ya yi wa reluwe aikin gyaran layin dogo shekara talatin, amma abin da aka san shi da shi harbi ne. Zamanin da injiniyoyin Turawa ne, in sun so farauta shi suke ɗauka. Shi zai bi sawu, shi zai harba in sun kuskure, kuma kullum suna kuskurewa. Daga baya a gyara kan dabbar, a ɗinke fatar a kan itace, a sa mata ido, a kafe a bangon kulob ɗinsu da sunan Bature a ƙasa.

"Kai bakwai na ƙirga a bangon nan," ya sha gaya mini. "Biyar nawa ne. Ba sunana ko a ɗaya."

A watan Maris na 1976 ya bi mafarauta dajin wajen Kagoma, ya dawo da gwanki namiji, ƙahonsa ya lanƙwasa baya kamar lauje. Naman ya raba wa mutanen layinmu kaf. Fatar kai da wuya kuwa ya feɗe da kansa, ya shafe ta da gishiri, ya shanya a inuwar ɗakin ajiya, ya kafa doka: kada ta ga rana, kada ta ji hayaƙi. Dole ya kafa doka, don mu nan abin da muka sani da fata shi ne a babbake a yi ganda. Sati uku bayan haka ƙafafunsa suka kumbura, idonsa ya yi rawaya. Bernice ta kai shi asibiti, ta dawo ta shigo kicin ɗina ta zauna a kan turmi.

"Yaya Emilia, likita ya ce hanta ne. Ya ce da wuya Baba ya ci sabuwar doya."

Shi ya sa "sati biyu" ya yi mana daɗin ji, ni da ita. Shi ya sa kuma da Mista Rufus ya fita na kasa riƙe bakina.

"Haba Baba! Mutum ya taso tun daga Jos, ka kore shi saboda gashi uku?"

"Malama, wanda gashinsa ya zube a hannuna yau, nan da Kirsimeti ƙwari sun gama da shi. Je ki bayan kasuwa, wajen majema. Ki tambayi Malam Hussaini. Ya yi wa wani Bature wannan aiki a Jos da daɗewa. In yana da rai, ki kawo mini shi."

Na je. Kai, warin wurin nan! Na toshe hanci da gefen zane ina tsallake kwatamin jima har aka nuna mini wani dattijo siriri yana kankare fata a kan gungume. Ban so shi ba da farko, gaskiya. Ina magana yana aikinsa, sai da na gama tukuna ya ce, "To, gobe bayan la'asar."

Ya zo da wani tsohon kan barewa a cikin buhu, aikinsa na shekara goma sha biyar. Baba ya ja gashin bayan kunne, ko ɗaya bai fita ba. Ya sunsuna, ya leƙa cikin hanci, ya bi ɗinkin bayan wuya da farce. Shi kuma Malam Hussaini ya shiga ɗakin ajiya ya daɗe yana juya fatar gwankin, ya auna ƙwaryar kan da igiya, ya fito ya tsuguna.

"Wanda ya feɗe wannan ya san aiki. Malam Kumai, yaya yake tsaye lokacin da ka gan shi?"

Mista Rufus bai yi wannan tambaya ba. Na ga Baba ya gyara zama.

"Yana shan ruwa. Sai ya ɗaga kai. Bai gan ni ba, amma ya ji wani abu. Kunnen hagu ya juyo wajena, na dama yana gaba. Haka ya tsaya, ni ma na tsaya. Mun daɗe."

"Na gane," in ji Malam Hussaini.

"Zuwa yaushe?" Bernice ta tambaya.

"Sai na jeme ta da bagaruwa. In sassaƙa itace daidai kansa. In ɗora, in ɗinke, sannan ta bushe a inuwa, ga damina ta shigo. Wata huɗu. Sai sabuwar doya ta fito."

Bernice ta tashi ta shige ɗaki. Ni kuwa na ce, "Malam, ba za a rage ba? Ko wata biyu?"

"Za a iya, Malama. Amma leɓe zai tsage, kunne zai nannaɗe. Ba da hannuna ba."

Baba ya dubi ƙafafunsa da ke cikin kwano na ruwan ɗumi, ya daɗe yana dubansu.

"Ɗauka," ya ce.

Washegari ya sa aka riƙe shi ya hau kujera, ya kafa babbar ƙusa a bangon falo, daidai inda ke fuskantar ƙofa. Ya hana a rataya komai a kai, ko kalandar coci.

Daga ranar ban sake samun sukuni ba. In na tashi makaranta sai ƙafata ta kai ni majema kafin gida. Sati guda fatar tana cikin tukunyar jima. Sati na gaba tana cikin tukunyar jima. "Malam, har yanzu?" "Har yanzu, Malama." Ya fara sassaƙar itacen, yau ya rage nan, gobe ya ce kumatu ya yi faɗi ya sake ragewa. Wallahi akwai ranar da na ji kamar in fizge gizagon in yi da kaina. A gida kuma Baba yana ta ƙanƙancewa. Da yana zama a ƙofar gida yana faɗin wane jirgi ne ya shigo daga jin kukansa, na Fatakwal ko na Kaduna. Ya koma falo. Daga falo ya koma gado, aka jawo gadon inda zai riƙa ganin ƙusar.

Farkon Yuli ya daina cin tuwo, sai kunu cokali uku. Matan zumunta na coci suka fara zuwa da littafin waƙa. Bernice ta tare ni a bakin famfo, idonta jawur.

"Yaya, je ki karɓo fatar. Zan buga wa Mista Rufus waya daga ofishinmu. Ko jarida ce, Baba ya gani da idonsa. In ta lalace bayansa, ta lalace."

Na yarda da ita, ba zan ɓoye ba. Na tafi cikin yayyafi ba laima. Na tarar an ɗora fatar a kan itacen, an kafe leɓe da fatar ido da ƙananan ƙusoshi, an tallafe kunnuwa da kwali, ramin ido babu komai. Abin ba kyan gani.

"Malam, na zo karɓa. Ka ciro mana."

Bai ko ɗago ba. "Malam Kumai ya ce za ki zo."

"Ya ce me?"

"Ranar da na ɗauki fatar, da kika shiga ɗaki wajen 'yarsa. Ya ce, 'Malama tana da zuciya mai kyau amma ba ta da haƙuri. In jikina ya yi tsanani za ta zo karɓa. Kada ka ba ta.' Ya ce ba don idonsa ake yi ba."

Na zauna a kan gungumen nan mai wari na yi kuka, ni da ko a jana'izar mijina sai da na koma gida. Haushi nake ji, na tsohon, na majemin, na kaina. Malam Hussaini ya bar ni na gama. Sannan ya shiga rumfa ya fito da allon katako na maɗaci, an goge shi sumul, wanda za a kafe kan a jikinsa.

"Wannan ba ya jiran bushewa," ya ce. "Ni ban iya boko ba. Rubuta mini sunansa a nan ƙasa, in bi da wuƙa."

Allin makaranta yana cikin jakata. Na rubuta da manyan baƙaƙe kamar ina koya wa 'yan aji ɗaya, na goge na sake. Ya zauna ya bi layin, bai yi sauri ba ko a nan. Kafin la'asar na rungumo allon a ƙarƙashin zane na kawo.

Bernice ta ga ba fata, ta buɗe baki, na girgiza mata kai. Na ɗora wa Baba allon a ƙirji. Idonsa ya riga ya yi rauni, sai ya bi da yatsa, harafi bayan harafi. KUMAI YAKUBU, 1976. Ya kai ƙarshe ya koma farko.

"Kin je karɓa," ya ce.

"Na je, Baba."

"Ya ba ki?"

"Ya hana ni."

Ya yi dariya, ƙarama, wadda ta fi kama da tari. "To, mun sami mutum."

Kwana tara bayan haka ya rasu, da rana tsaka, ranar Talata, jirgin Jos yana shigowa tasha. Allon yana gefen matashinsa. Sai bayan an dawo daga maƙabarta Bernice ta miƙa mini shi, na mayar wa Malam Hussaini.

Ban sake zuwa majema ba. Ƙarshen Agusta, ranar da na ga doyar farko a kasuwa, na dawo na tarar da Malam Hussaini a ƙofar gidan Baba da buhu a kafaɗa, yana jiran Bernice ta taso daga ofis. Muka shiga mu uku. Ya hau kujerar da Baba ya hau, ya rataya kan gwankin a ƙusar, ya sauko, ya ja baya ya duba, ya sake hawa ya ɗan gyara.

Bernice ta miƙa hannu ta kama gashin bayan kunne, ta ja. Ta duba yatsunta, babu komai.

Gwankin ya ɗaga kai kamar yanzu ya bar ruwa, kunnen dama yana fuskantar ƙofa, na hagu ya juyo wajen da gadon yake a da.