Na'urar Kunnen Si Monji

Olfa injiniya ce a wani ƙaramin kamfani a garin Safakis, aikinta sauraron abin da na'urori ke faɗa wa juna ta bulutut, wato ta iska ba tare da igiya ba. Allah Ya yi ta da naci, in abu ya ƙi aiki a gabanta ko abinci ba ya shiga bakinta.

Na'urar ji da ke kunnen mahaifinta, Si Monji, ita ta tsaya mata a rai. Da ita yake amsa waya, amma sai ana tsakiyar magana ta katse. Ya ce ta ƙyale, in ya sa wayar a aljihun ƙirji tana lallaɓawa. Ina, Olfa ba ta san ƙyalewa ba.

Ranar Juma'a bayan an ci kuskus ta karɓe wayar da na'urar. Mahaifin ya tuna mata cewa ƙanensa Tawfik zai kira daga asibiti a birnin Liyon kafin a shiga da shi aikin zuciya. Ta ce kafin shayinsa ya huce ta gama.

Abin da take farauta wani ɗan saƙo ne da waya ke aika wa na'ura sau ɗaya tak, lokacin da suke haɗuwa. A cikinsa suke yanke tashoshin da za su riƙa bi, da tsawon jiran da za su yi wa juna. In ya kuɓuce maka, sai ka raba su ka sake haɗawa. Ta raba ta haɗa, ta raba ta haɗa, saƙon yana zille mata. Da haushi ya ishe ta sai ta yi abin da kowa ke yi a ofishinsu: ta kashe layin wayar da intanet don kada su cika mata wuri da hayaniya.

Tsohon ya zo bakin ƙofa, kunne fayau, yana kallon leɓenta.

"Bai kira ba, 'yata?"

"Bai kira ba, Baba." Wallahi ta manta sam da abin da ta kashe.

Wajen la'asar ta cafke saƙon. Ashe jiran ne ya yi kaɗan, na'urar ba ta da haƙuri. Ta gyara tana murna, ta kunna layi, sai ga kiran Tawfik jere a fuskar wayar. Matarsa ce ta ɗauka da suka kira. Ta ce ya yi ta nema har aka tura shi ciki, wai akwai abin da yake so ya faɗa wa yayansa. Tawfik bai farfaɗo ba.

Na'urar kuwa ba ta sake katsewa ba. Bayan an share makoki Olfa ta durƙusa gabansa ta ce ya yafe mata, ita ta kashe layin.

Ya dafa kanta. "Ai kin gyara, 'yata. Duk wanda ya kira ta'aziyya na ji shi tas."

Da ma faɗa ya yi mata, da ya fi mata sauƙi. Ta tashi ta ɗora masa shayi.