Siton da Za a Rufe

Malamin da ke duba kundin digirinta ya turo mata babi na biyar a kan tebur, jan biro ya cinye gefen kowane shafi. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Kin cika mini takarda cewa kamfaninku na sabulu yana da sito fiye da kima, motoci suna yawo rabi ba kaya. Na yarda. To wanne za a rufe?"

"Malam, ai na ce a sake nazari."

"Kowa ya iya cewa haka. Alƙalumanki sun riga sun nuna. Ki rubuta in sa hannu, ko ki dawo baɗi."

Ita kuwa ba ta da baɗi, hutun karatun da kamfani ya ba ta ya zo ƙarshe. Kuma da sharaɗi aka bar ta ta tattara bayanai: idan ta gama, kwafi ɗaya na manaja ne. Manaja ba ya karatu, amma babin shawarwari yana dubawa, don nan ne gajere.

Siton da lissafi ya nuna shi ne na bayan tasha, wanda makullinsa ke hannun kawunta tun tana goye. Shi ya nema mata aikin ma.

Da la'asar ta same shi a siton zaune kan kwali, fanka na kaɗa zafi daga wannan bango zuwa wancan. Babbar mota ta tsaya a titi don ƙofar ba ta ɗaukarta, 'yan dako suna miƙa kaya hannu da hannu.

"'Yar boko! An gama littafin, ko har yanzu ana zubar masa da jini?"

"Kawu, malamina ya ce sai na faɗi siton da za a rufe."

Ya dube ta, ya dubi motar.

"Ban sa suna ba," ta yi saurin cewa. "Sito na uku kawai na ce."

"Me kika ce a kansa?"

"Cewa ƙofarsa ba ta ɗaukar babbar mota."

"To ki manna hotona mana, ki hutar da mutane."

Ta zauna kan wani kwalin. Ƙanshin sabulu ya sa kanta ciwo.

"Kawu, ɓarnarka ta fi ta kowa. Kwalin da ya jiƙe, wanda ya fashe wajen saukewa, ranakun da mota ta kwana ba a sauke ba. Sauran kusan babu komai a nasu."

"Ina za ki gani? Su da suka ga 'yar babban ofis da biro, sai da suka wanke lissafi suka goge shi kafin su ba ki. Ni kuwa na ce 'yar ƙanwata ce, makaranta za ta kai, kada in ba ta na ƙarya ta faɗi jarrabawa."

Ta san haka ne. Ta kuma san ba a rubuta "na sani" a kundi.

"In rage naka kaɗan?"

"Manaja ya aiko a duba, a ce wa ya yi ƙarya? Ke ko ni?" Ya miƙe da ƙyar, ya daka wa wani ɗan dako tsawa kan ya riƙe kwali ta ƙasa. Sannan ya dawo. "Idan kin rubuta, malamin naki zai sa hannun?"

"Ya ce zai sa."

"To rubuta. Tsufa ma na hanya."

Ta buɗe kwamfuta a cinyarta, ta goge "a sake nazari", ta rubuta cewa a rufe sito na uku, a mayar da kayansa babban sito. Layi biyu ne kacal. Ta karanta masa.

Ya saurara, ya gyaɗa kai.

"Kada ki gaya wa uwarki tukuna," ya ce. "Za ta fara kiran mutane, ni kuma ban gama sauke motar nan ba."