Mutumin da Na Ce Ban Sani Ba

"Shekara nawa ka san mutanen gidan can?" in ji shi, yana nuna ƙofar maƙwabcina da bakin biro.

Ina zaune a ƙofar gida da littafi a cinya ya tsaya a kaina. Saurayi ne, riga a goge, takalmi fes, kuma ya gaishe ni har sau biyu. Ban taɓa ganin wanda ya gaishe ni sau biyu don Allah ba. Ya nuna mini kati, ya mayar aljihu kafin in gyara tabarau. Kalma ɗaya na kama a ciki: tsaro.

Na san irinsu. Shekara talatin da suka wuce mutum biyu suka zo, da irin wannan ladabin, suna tambaya a kan wannan maƙwabcin nawa, mai ɗab'i, wanda a lokacin yake buga wa ƙungiyar ma'aikata takardu. Suka tambaye ni ko injinsa yana aiki bayan an tashi, na ce yana yi. Malamin makaranta ne ni, ina taƙama da gaskiya. Wata huɗu ya yi a hannunsu, ya dawo kunnen hagu ba ya ji. Bai taɓa yi mini maganar ba. Matata ce ta yi, kuma har ta koma ga Allah ba ta gaji ba.

Yanzu yana kwance, ƙoda ta ƙi aiki, ga wani ya biyo sahu.

Na ce ban san su ba. Ya ce ai katanga ɗaya ce tsakaninmu, na ce katangar na sani. Sai ya koma kan autar gidan: da wa take hulɗa, ina take zuwa, tun yaushe take zaune a nan. Na ce ban tabbata a nan take kwana ba, ban ma tabbata 'yarsa ce ba. Yarinyar da ta koyi haɗa baƙi a kan teburina. Ya rubuta duka, ya yi godiya, ya wuce. Ranar na ci abinci da daɗi, ina ganin na biya mai ɗab'i kunnensa.

Washegari na shiga duba shi. Ɗakin yana warin magani da tsohuwar tawada, akwatunan haruffa a jere a ƙarƙashin gado. Na zauna ta hannun damarsa kamar kullum. Da autar ta fita da kwanon wanke hannu, ya jawo ni don ya yi mini raɗa, irin raɗar kurma da ake ji har tsakar gida.

Ya ce yarinyar ta nemi aiki a hukumar leƙen asiri. Ta ci jarrabawa, ta zauna gaban masu tambayoyi sau biyu, likita ya duba ta, ta cike takarda shafi ashirin har da sunan kakanninta da kowane gida da ta taɓa zama. Abu ɗaya ya rage, a zo unguwa a ji ta bakin mutane, sannan a kira ta a waya. An kuma hana ta gaya wa kowa.

Na ce, "Su za ka ba 'yarka? Su?"

Ya ce wata biyu ya yi ba ya amsa gaisuwarta. Amma shekara uku tana yawo da takardu ofis-ofis, shi kuma ba ya so ya tafi ya bar ta haka. Kuma wa ya sani, ko a samu mai kunya ɗaya a cikinsu.

"Ni na ce ta sa sunanka, Malam," in ji shi. "Duk layin nan kai kaɗai ne ba ka iya ƙarya ba. Kunnena shaida ne."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya tambaya ko sun zo. Na ce sun zo. Ya ce me na ce. Na ce alheri.

"To, ta samu ke nan," ya ce, ya lumshe ido.

Na rubuta wasiƙa shafi uku ina warware ƙaryata, na rasa inda zan aika ta. Na je wani dogon gini marar allo da kowa ya san na wane ne, mai gadi ya ce bai taɓa jin wannan ofishi ba. Na ce ni ma kwanan nan na yi irin wannan rashin sani. Bai yi dariya ba.

Ranar Alhamis da hantsi mai ɗab'i ya cika. Da aka dawo daga binne shi, ƙanensa ya zaunar da ni kusa da shi a ƙofar gida, in riƙa karɓar gaisuwa. Ana cikin haka sai ga saurayin. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya yi addu'a. Ƙanen ya nuna ni ya ce wannan shi ne aminin marigayi, shekara arba'in ko tari ɗaya ya yi sai ɗayan ya ji.

Saurayin ya kalle ni. "Ashe kun saba bayan tafiyata, Baba."

Na bi shi har bakin titi, na ba shi wasiƙar. Ya karanta a tsaye. Ya ce mutum bakwai sun yabi yarinyar, ɗaya ya ce bai san ta ba, kuma a aikinsu ɗayan ake saurara. Rahoton ya tafi sama tun Talata. Na ce to me ya dawo da shi? Ya ce gaisuwa. Na ce za a gyara? Ya ce ba shi yake yankewa ba. Ya ninke takardar huɗu ya sa a aljihu, ban sani ba ko don ya wanke yarinyar ne ko don ya buɗe mini nawa fayil ɗin.

Na koma ciki don in ɗauko tabarma. Autar tana tsugune a bakin famfo tana wanke kofunan baƙi. Ta ɗago ta ce, "Kawu, ka ci wani abu kuwa?" Na ce na ci.

Ta ci gaba da wanki. A gefenta ta kife bokiti, ta ɗora wayarta a kai, fuskar tana kallon sama, inda ruwa ba zai taɓa ta ba.