Ƙwallo Ɗaya Tak Saboda Inna

A ɗakina aka ƙulla cinikin, ɗakin gyaran takalman 'yan wasa da ke ƙarƙashin benen 'yan kallo, inda warin gam da na safa ke kokawa. Ina ɗinke bakin wani takalmi sai ga Famfo ya shigo yana jan Ni-Kaɗai da hannu, ya tura ƙofa da ƙafa.

"Baba, kai ne shaida," in ji Famfo.

Famfo ɗan wasan tsakiya ne. Yana da shekara goma sha tara ya zo ƙungiyarmu da takalmansa a leda, ya kwashe shekara goma sha huɗu bai sake riga ba. Koci bakwai ya gani. Kowannensu da zuwansa sai ya ajiye shi a benci, ya ce ba ya ganin aikin da yake yi. Wasa biyu sai a dawo da shi, don in ba shi a fili ƙungiya kamar amalanke ce ba taya. An sa masa Famfo ne saboda duk mai ƙishin ƙwallo wurinsa yake tarawa. Ya ƙwato, ya ɗaga kai, ya miƙa. Sau biyu aka yi masa aiki a gwiwa. Amma a duk shekarun nan bai taɓa jefa ƙwallo a raga ba, ko da ta kuskure.

Shi kuwa Ni-Kaɗai ɗan wasan gaba ne, matashi mai kitso da ɗan kunne. Ƙwallo in ta isa ƙafarsa ta faɗa rijiya, sai dai a ɗauko ta a raga ko a bayan fili.

"Asabar wasana na ƙarshe," in ji Famfo. "Kuma Inna za ta zo kallo. Ba ta taɓa zuwa ba. Ina son ƙwallo ɗaya."

"Yaya, ai sai ka buga fenareti."

"In ba a samu fenaretin ba fa? Kuma Inna ta ce wannan ba ci ba ne, an tsayar maka da mutum kamar ragon yanka. Abin da nake so, in ka yanke gola, raga ta zama wayam, ka turo mini."

Ni-Kaɗai ya dafe ƙirji kamar an ce ya ba da ƙoda. "In yanke gola, sannan in ba wani? Me na ci na asham?"

"Baɗi ni ne mataimakin koci. Ni zan riƙe usur ɗin gudun safe. Kakar wasa guda cur ba zan sa ka zagaye fili ba."

Duk duniya ba abin da yaron nan ya tsana kamar gudun safe. Ya miƙa hannu tun kafin Famfo ya rufe baki. Suka rantse a gabana, na ce Allah ya sa alheri, na ci gaba da ɗinkina.

Na san tsohuwar. Tun yana ƙarami take masa gori, kuma girma bai sa ta daina ba. Ranar da ya kai mata kofin da suka ci, ta juya shi ta leƙa ciki ta ce, "To, kai wanne ka ci? Ni dai a talabijin 'ya'yan mutane nake gani suna murna, kai kana binsu a baya kana runguma. Ka yi ta gudu har ka kamo abu, sai ka miƙa wa ɗan wata. Haka ubanka ya yi, har ya rasu bai iya riƙe komai ba."

Kwana uku suna tsayawa bayan atisaye suna gwaji, ina kallonsu ta taga. Nan na gane an yi cinikin biri a sama. Ni-Kaɗai bai iya turawa ba. In ya ce zai ba ka, harbinka yake yi. Famfo kuma da ƙwallo ta taɓa ƙafarsa sai wuyansa ya juya neman wanda zai ba, ko da ba kowa a filin sai mai yankan ciyawa. Sau biyu ya tura wa mai yankan ciyawar.

"Yaya, raga fa! Ga ta can, fara, mai ramuka!"

"Na gan ta. Ƙafar ce ba ta saba ba."

Ranar Asabar aka zaunar da Inna a kujerar gaba, da lema da tabarau, ni kuma aka ce in zauna kusa da ita in riƙa yi mata bayani. Ba ta buƙaci bayanina ba. Duk sanda ɗanta ya ba da ƙwallo sai ta buga lema a ƙasa.

"Ka gani ko? Ya sake bayarwa. Wannan yaro ko a gidan biki aka haife shi!"

Har saura minti uku ba ci. Sai Famfo ya ƙwace ƙwallo a tsakiya, ya zura ta tsakanin mutum biyu, ya bi ta da gudu, abin da bai taɓa yi ba. Ni-Kaɗai ya karɓa, ya yi wa gola wata lanƙwasa, gola ya zube yana rungumar ciyawa. Raga wayam. Na ga yaron ya ɗaga ƙafa zai harba, sai ya tuna gudun safe. Ya runtse ido, ya tura gefe, a hankali, daidai ƙafar Famfo. Tun da nake ban taɓa ganin ya yi abu mai kyau haka ba.

Taku huɗu tsakanin Famfo da raga. Ya tare, ya ɗaga kai, ya ga riga irin tasa a gefe, ya mayar wa Ni-Kaɗai.

Ni-Kaɗai ya dubi ƙwallo a ƙafarsa kamar an ajiye masa jariri.

"Yaya! Taka ce!" Ya sake turawa.

"Kai ka fi kyan wuri!" Famfo ya sake mayarwa.

"Wane kyan wuri? Na rantse fa!"

Koci yana bakin layi yana cizon hularsa. Gola ya tashi, ya kakkaɓe gwiwa, ya koma raga, 'yan bayansu biyu suka iso suka jeru kan layi. Inna ta miƙe tsaye, muryarta ta keta filin nan kaf:

"Kai! Don ubanka buga!"

Muryar da ta riƙa tashinsa zuwa makaranta shekara da shekaru ce. Famfo ya rufe ido ya ɗirka wa ƙwallo duka da dukan ƙarfin shekara goma sha huɗu. Da an bar ta, tutar kwana za ta nufa. Sai dai ba ta yi nisa ba ta ci karo da fuskar Ni-Kaɗai, ta karkata, ta bi ta ƙarƙashin hammatar gola ta faɗa raga.

Mai sanarwa ya kira sunan Ni-Kaɗai, ya ƙara da cewa Famfo ne ya ba shi. Ni-Kaɗai bai ji ba, yana kwance ana tura masa auduga a hanci.

Da yamma suka dawo ɗakina a raba musu gardama. Famfo ya ce bai ci ƙwallo ba, don haka ba ciniki. Ni-Kaɗai, da murya kamar ta cikin tulu, ya ce shi turowa ya yi alkawari, kuma har sau biyu ya turo. Na ba yaron gaskiya, Famfo ya karɓa ba musu. Abin da ba su sani ba, koci yana bakin ƙofa ya kawo takalminsa gyara, ya ji komai. Ya ce madalla, tunda mataimaki ba zai sa shi gudu ba, shi zai riƙa sa shi da kansa, zagaye goma sha biyu maimakon takwas.

In ana lissafin riba da asara, Ni-Kaɗai ya samu ƙwallo a takarda, ya rasa saitin hancinsa da barcin safe na shekara guda. Famfo ya ajiye takalmi ba ci ko ɗaya, kamar yadda ya ɗauka. Mai riba Inna ce. Ita da idonta ta ga ɗanta ya buga, ta ga ƙwallo a raga, kuma har yau ba a haifi wanda zai gaya mata wani abu daban ba. In an ambaci Ni-Kaɗai sai ta taɓe baki ta ce, "Wannan mai kitson da ya tsaya masa a hanya? Allah ya ƙara."