Hannun Ɗaure-Tamau

Fankar ta juya, ta juya, ta tsaya cak. Auta ta sake danna maɓallin. Fankar ta sake motsawa kamar abin kirki, wata 'yar fitila ja ta kama a cikin akwatin, sai kuma shiru. Sikirin ɗin da ke kan tebur baƙi ƙirin, ba abin da take gani a cikinsa sai fuskarta a murtuke.

Jiya-jiyan nan wannan kwamfutar ta tashi. Da hannunta ta haɗa ta a kan teburin cin abinci, bayan ta daɗe tana tara kayan ɗaya bayan ɗaya: akwatin, madabod wanda komai ke hawa kansa, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da fankar da ke sanyaya shi, ram guda biyu masu riƙe aikin da ake kan yi, faifan ajiya, da katin hoto. Ta ɗora manhajar zane, ta ga ta buɗe, ta kwana da murna. Wani kamfanin gine-gine ne ya ba ta gwajin ɗaukar aiki. An ce ta zana gida, ta fitar da hotonsa kamar an riga an gina shi, ta aika kafin a tashi daga ofis yau, kuma wanda ya makara ko buɗe nasa ba za a yi ba. Zanen kam ta gama shi a tsohuwar laftof ɗinta, amma fitar da hoton ya fi ƙarfin wannan tsohuwa, wadda ko bidiyo aka kunna mata sai ta hau haki. Da safe ta fita sayo doguwar wayar intanet, ta dawo ta tarar da gawa a kan tebur.

Umma ta leƙo daga kicin, hannunta da kumfar sabulu.

"Ko wuta ce ba ta da ƙarfi?"

"Ga firij can yana aiki, Umma."

"To ki ɗan bar ta ta huta mana."

"Wane aiki ta yi da za ta huta?"

Umma ta koma kicin. Auta ta ja kujera, ta naɗe hannun riga. Ba ta yarda da kame-kame a gyara ba. Ƙa'idarta guda ce: a cire komai, a mayar da su ɗaya bayan ɗaya, har mai laifin ya nuna kansa. Ta zare katin hoto, ta jona sikirin kai tsaye da madabod. Fanka, jar fitila, shiru. Ta cire faifan ajiya, ta bi wayoyin wuta tana danna kowace har ta ji ta zauna. Haka dai. Jar fitilar tana kusa da ramukan ram, don haka ta cire ɗaya ta gwada ɗaya, ta sauya musu rami, ta goge bakinsu, ta hura ramukan duk da ta san ba ƙura a kayan da aka ɓare jiya. Har ɗan batirin nan mai kama da maɓallin riga ta ciro ta mayar. Rana kuwa sai tafiya take yi a kan labulen taga.

Ta ɗauki waya ta kira mai shagon da ya sayar mata da kayan.

"Malam, ram ɗin da ka ba ni matacce ne."

"Malama, ba ke kika turo mini hoto jiya kika ce ta tashi ba?"

"Ta tashi jiya, yau ta mutu. Haka kayan jabu suke yi."

"A kwalinsu kika karɓa, a gabanki aka yanke leda. Ko wani ya taɓa miki?"

"Wa zai taɓa? Ni kaɗai ce na san abin nan a gidanmu. Ka dai sayar mini da shara, ka san ina da aiki yau, kuma wallahi duk wanda na sani sai ya ji labarin shagonka."

Ya ce Allah ya huci zuciyarta, ya kashe. Wannan addu'ar ta fi zagi ƙona mata rai.

Duk abin nan da ake yi Baba yana zaune a kujerarsa ta falo, ya kafa wa rediyo kunne, rediyon kuwa ƙasa-ƙasa yake har ba a jin me ake cewa. Da Auta tana cikin hankalinta da ta lura, domin Baba ba mutum ne da za a riƙe sukudireba a gabansa ya yi shiru ba. Bakanike ne tun kafin a haife ta, kuma a gareji ba wanda ke kiransa da sunansa, Ɗaure-Tamau ake ce masa. Taƙamarsa ita ce taya bai taɓa fita daga motar da ta bar hannunsa ba. Da motoci suka koma masu ƙwaƙwalwa, yaran da ya koya wa aiki suka sayi na'urar duba cuta, sai masu mota suka bi su ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya kwaso akwatin sifanoninsa ya dawo gida. Gidan ne ya ji a jikinsa. Ba a buɗe kwalbar sukari sai an kira shi. In ya rufe famfo, Umma sai ta naɗa tsumma ta sa hannu biyu. Marikin ƙofar banɗaki ya matse shi har katakon ya tsage, ya kuma ce laifin katako ne. Hali zanen dutse, in ji Umma, kuma ta daina faɗa tun tuni.

Abu ɗaya ya rage Auta ba ta duba ba, shi ne furosesa. Tana gudun zuwa wurin, don sai an cire fankar, a goge man da ke tsakani, a shafa sabo. Ta ɗauki sukudireba ta ɗora a kan sukurun farko na fankar ta murɗa.

Bai motsa ba.

Ta gyara riƙo ta sake murɗawa. Ta tashi tsaye ta sa ƙarfin kafaɗa, bakin sukudireban ya zame ya kusa yankar faifan madabod. Ta gwada na biyu, ta gwada na uku. Jiya da yatsu biyu ta ɗaura su, tana jin sun tsaya ta saki, don haka ake yi. Ta sunkuya ta kalli madabod ɗin ta gefe, daidai da idonta. Faifan da ya kamata ya miƙe sambal ya lanƙwashe a tsakiya kamar katakon da ruwa ya daka.

Ta miƙe a hankali.

"Baba."

"Na'am."

"Ka taɓa kwamfutar nan?"

Ya ɗan rage rediyon da dama ba a jin sa. "Ban taɓa miki komai ba. Sukurori ne kawai na ga sun yi sako-sako."

"Sako-sako."

"Jiya ina kallonki. Da yatsu biyu kika ɗaura, kamar mai gudun kada su ji ciwo. Abu mai juyawa ba a barin sa haka, Auta, girgiza za ta warware shi wata rana ya faɗo. Kuma ba haka kawai na yi ba, giciye na bi su, wannan kusurwa sannan waccan, yadda ake ɗaure notin taya."

Abin da ya fi ba ta haushi shi ne giciyen daidai ne. Haka ake bin su. Ya yi komai bisa ƙa'ida, ya dai zuba wa faifan da bai kai kaurin murfin littafi ba ƙarfin da ake zuba wa tayar babbar mota, kuma yana faɗa yana jiran a gode masa.

"Na ce maka ya isa. Jiya na faɗa maka, na ce Baba ya isa haka, ka ce to."

"Na ce to don kada mu yi musu."

"Sai ka jira na fita. Tun ɗazu kana zaune kana kallona ina cire kaya ina mayarwa, kana jina ina zagin bawan Allah a waya a kan laifin da bai yi ba, ba ka ce uffan ba."

"Ban zaci daga nan ba ne. Ɗauri bai taɓa ɓata abu ba."

"Ɗauri bai taɓa ɓata abu ba? Je ka dubi ƙofar banɗaki."

Umma ta fito tana goge hannu a zani. "Auta, da mahaifinki kike magana."

"Na sani, Umma. Da wani ne ai da na san abin da zan yi masa." Ta juya wajen Baba, muryarta ta yi ƙasa, amma ta fi ɗazu kaifi. "Ka san tun yaushe nake neman aikin nan? Ka san sau nawa aka ce mini za a kira ni? Yau aka buɗe mini ƙofa, kai kuma garin neman gira ka tsone mini ido. Ba komai ne mota ba, Baba. Duniya ta wuce wurin da ka tsaya, kai ba ka tambaya, ba ka saurara, abin da ka sani kawai matsewa. Shi ya sa aka daina kawo maka motoci."

"Auta," in ji Umma.

Amma magana zarar bunu ce. Auta ba ta ji nadama ba a lokacin, gaskiya ma wani sanyi ta ji, irin na wanda ya daɗe yana riƙe da abu mai nauyi ya yar. Baba ya kashe rediyon. Ya dafa hannun kujera ya tashi, ya zo bakin teburin, ya miƙa mata tafin hannu. Ta tsaya tana kallon hannun. Ba ta so ya sake kusantar kwamfutar, amma a gidan nan ba wanda ke kwance abin da ya ɗaure sai shi. Ta sa masa sukudireban.

Ya sa tabarau, ya sunkuya. Da murɗa ɗaya sukurun farko ya yi ƙara ya saki. Ya tsallaka kusurwar da ke fuskantarsa, ya dawo, ya sake tsallakawa, giciye kamar yadda ya ɗaura. Da ya gama sai ya ajiye sukudireban a kan tebur, marikin yana kallon wajenta, ya koma kujerarsa.

Ta ɗaga fankar, ta duba furosesa, ta goge, ta shafa sabon mai, ta mayar. Ta ɗaura da yatsu biyu. Faifan ya ɗan miƙe, bai koma yadda yake ba. Ta sa ram biyun ta danna maɓalli, jar fitilar ta dawo. Ta cije leɓe, ta cire ɗaya, ta bar ɗayan a ramin da ya fi nisa da inda ya lanƙwashe. Fankar ta juya, ta ci gaba da juyawa. Sikirin ya kawo haske.

"Alhamdu lillahi," in ji Umma daga bakin ƙofa.

Auta ta gwada sauran ramukan, ba wanda ya karɓa, wani abu ya riga ya katse a cikin faifan. Kwamfutar ta tashi da rabin ƙarfin da aka haɗa ta da shi. Ta mayar da katin hoto da faifan ajiya cikin sauri, ta jona wayar intanet, ta buɗe zanen, ta ba da umarnin fitar da hoto. Jiya da ta gwada wani ɗan ɓangare, kafin ta haɗa shayi ya fito. Yanzu hoton ya fara sauka daga sama layi-layi, kamar ana sauke labule da hannu ɗaya. Sararin sama ya fito. Aka daɗe. Rufin ya fara bayyana.

Ta zauna ta haɗa tagumi. Ba abin da za ta iya yi, in ta taɓa wani abu ma ƙara masa nauyi za ta yi. Ta ɗauki waya ta nemo lambar mai shago, ta kalle ta, ta ajiye. Hasken da ke kan labule ya fara yin sanyi. A titi hayaniyar motoci ta fara ƙaruwa, irin ta mutanen da suka fara barin wurin aiki da wuri. Tagogin bene sun fito, da baranda. Hoton ya gangaro zuwa saman ƙofar garejin gidan, ƙofar da makon jiya Baba ya tsaya a bayan Auta yana kallon zanen ya ce ta yi ƙunci, mai mota zai goge madubi, ita kuma ta auna ta ga haka ne ta faɗaɗa.

Baba ya tashi ya shiga kicin ya wanke man da ya taɓa masa yatsu, ya dawo ya zauna. Jim kaɗan sai Auta ta fara jin wani sauti da ba ta taɓa ji a gidan nan ba. Ɗis. Shiru. Ɗis.

"Malam, famfon nan na ɗiga," in ji Umma.

"Na ji."

"Ba ka rufe shi sosai ba."

"Da yatsu biyu na rufe," ya ce. "In bai yi ba a kira mai gyara."

Auta ba ta waiwaya ba. Sukudireban yana nan inda ya ajiye shi, kusa da gwiwar hannunta. A sikirin layin ya ƙara saukowa kaɗan, ya tsaya yana tunani a tsakiyar ƙofar garejin. A kicin ruwan ya ci gaba da ɗiga cikin kwano.