Tausar Inna

Inna ta ƙara lakato mai ta shafa a cikin Auta, ta danna gefen dama da tafin hannu, ta kasa kunne kamar mai zaɓen kankana. Auta kuwa idonta na kan agogon bango. Tara da rabi. Likita ta ce kafin sha biyu take son amsa, don gobe da safe ne kawai ake da gurbi a ɗakin tiyata. Takardar na nan ƙarƙashin matashin da ta ta da kai da shi, an ninke ta huɗu. Ɗa ya kwanta a gicciye, sai an yi aiki an ciro shi.

To, wa zai gaya wa Inna, mahaifiyarta? Shekara arba'in tana ungozoma. Rabin unguwar ita ta yanke musu cibiya, har da mijin Auta. Kuma bakinta ba ɓoyayye ba ne: asibitin yanzu, in ji ta, ko atishawa mace ta yi sai su ɗauko wuƙa. Mako uku ke nan da ta tare a gidan da jakarta, sabuwar reza da zare da wankakkun tsummoki, tana jiran ta karɓi jikanta da hannunta. Safe da yamma ba ta fashin wannan tausa.

Mijin ya sa hannu tun jiya, sannan ya zame. "Ke za ki faɗa mata," ya ce. "Matar da ta fara ganina ba wando, ina ni ina musu da ita?" Yanzu yana ƙofar gida cikin tasi ɗinsa, yana ta goge gilashin da ba datti.

Wani ciwo ya tsirga wa Auta a baya, ya lafa. Tsoro ya kama ta sosai. Likita ta ja mata kunne cewa in naƙuda ta riga su, abin zai yi muni.

"Inna."

"Kwanta daidai, ban gama ba."

"Inna, aiki za a yi min. Gobe. Sun ce yaron a gicciye yake." Ta zaro takardar ta miƙa. "Ni kuma na yarda. Ko ranki zai ɓaci, na yarda."

Inna ta karɓa da hannu mai maiƙo. Ba ta iya boko ba, amma ta daɗe tana kallon rubutun. Auta na ta jiran saukar faɗa.

"Sai yanzu suka gani?" Inna ta ce.

"Na'am?"

"Ranar da na zo na taɓa ki na ji kai nan, ƙafa can. Kina zaton tausar nan ta gata ce? Juya shi nake son yi. Ya ƙi. Taurin kan ubansa ya ɗebo."

Auta ta yunƙura ta zauna. Sanyin da ta fara ji a ranta bai daɗe ba, haushi ya danne shi.

"Mako uku, Inna! Kin sani kika yi shiru? Da ya taho fa?"

"Ke da kika sani, kin faɗa?"

"Tsoronki nake ji!"

"Ni kuma kunya." Inna ta goge hannu da bakin zani, ba ta ɗago ba. "Kullum sai in ce gobe zai juya. Ɗan kowa na karɓa, a ce na 'yata ne ya gagare ni? Kwana uku ke nan ina neman bakin da zan ce miki mu tafi." Muryarta ta yi ƙasa. "Sau biyu na gamu da irin wannan kwanciya. Hannu ne ya fara fitowa. Duka biyun, ni na yi wa iyayen wankan ƙarshe."

Ciwon ya dawo, ya fi na ɗazu. Auta ta dafe bango. Inna ta dubi fuskarta sau ɗaya, ta miƙe zumbur kamar ba ita ke kukan gwiwa ba.

"Wannan ba zai jira gobe ba. Tashi. Kai, mai mota! Bar shafar gilashin nan ka buɗe ƙofa!"

Auta ta kai hannu za ta ɗauko mata jakar.

"Bar ta," Inna ta ce. Ta buɗe, ta zare tsummokin kawai, ta tura sauran ƙarƙashin gado da ƙafa.

A ƙofar gida maƙwabciyarsu mai shanya ta leƙo ta kan katanga, idonta ƙyar a kan cikin.

"A'a, Inna! Ga ungozoma a gida, ina kuma za a kai ta?"

Auta ta sunkuyar da kai. Inna ta gama zaunar da ita a mota, ta gyara mayafi, sannan ta juyo ta ɗaga murya yadda har gida na uku za a ji.

"Asibiti. Aiki za a yi mata. Ni na ce a yi."